MAGANIN CIWON DAJI DAGA JININ MAI CIWO: INA GASKIYAR MAGANA?

Ran wata Asabar da hantsi mun bi ta kasuwar Ƙofar Wambai, mun ratsa layin 'yan gwanjo za mu wajen masu takalma, sai muka iske wata mota tsaye da lasifika a kanta, mai ita yana tallan wani ruwa cikin kwalba. Wai ruwan nan yana ƙara wa sojojin jiki ƙarfi har su cinye ciwon daji ko wane iri, wai kuma irinsa ne Turawa su ke sayarwa a Amurka da miliyoyin kuɗi. Mutane sun yi masa cincirindo. A cikinsu akwai wani baduku da muka sani tun muna yara, wanda matarsa ta yi wata biyar tana fama da ƙullutu a mama. Da muka gaisa sai ya ja mu gefe, ya tambaye mu ko gaskiya ne abin da ya ji a rediyo, cewa likitoci sun gano yadda za su ɗebi jinin mutum su mai da shi magani, su mayar masa, ya rabu da daji. In gaskiya ne, ina a ke yi, kuma nawa ne?

Mun san irin wannan tambaya tana zuwa ga malaman makaranta da akawuna kullum, domin a unguwa wanda ya ke karanta jarida shi a ke kawo wa takardar asibiti ya duba. Sabo da haka muka ga ya kamata mu shimfiɗa maganar yadda ta ke. Labarin rediyo yana da tushe, na mai mota ba shi da shi. Amma ko na rediyon ma, ba duka aka faɗa wa abokinmu ba.

SOJOJIN DA KE CIKIN JINI

Cikin jinin kowane ɗan Adam akwai fararen ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Aikinsu tsaron jiki. Mafarinsu cikin ɓargo, su kan kuma taru a saifa da wuraren da kaluluwa ke fitowa, watau hammata da wuya da matsematsi. Shi ya sa in mutum ya yi gyambo a ƙafa kaluluwa ta kan fito masa: sojojin ne suka taru suna shirin faɗa. Akwai wani jinsi a cikinsu wanda likitoci ke kira ƙwayoyin T. Su ne ke zaga jiki suna duba kowace ƙwayar nama, in sun ga wadda ke ɗauke da baƙuwar alama su kashe ta.

Ciwon daji kuwa, ko sankara kamar yadda iyayenmu ke ce masa, ba baƙo ba ne da ya shigo daga waje. Ƙwayar naman mutum ce ta kangare, ta ƙi daina hayayyafa. Da ya ke 'yar gida ce, sau da yawa sojojin su kan wuce ta ba su tanka ba. Nan wuyar ta ke.

Tun da daɗewa likitoci sun lura jiki ya kan iya kama ɓarawon nan wani lokaci. A 1891 wani likitan fiɗa na birnin New York, William Coley, ya fara sa wa masu ƙari ƙwayoyin cuta da gangan don zazzaɓi ya tayar da sojojin jikinsu, aka kuwa sami waɗansu da ƙarinsu ya narke, ko da ya ke ba wanda ya san dalili a lokacin. A 1968 wani matashin likita, Steven Rosenberg, ya gamu da wani mutum wanda aka sallama shekara 12 kafin nan da ciwon dajin tumbi da ya riga ya kai hanta, an ce ya je gida ya jira ajali. Da aka buɗe cikinsa don wani aikin dabam, ba a ga ko alamar ciwon ba. Rosenberg ya ƙudurta jikin mutumin ne ya yi yaƙin da kansa, ya kuwa ba da sauran rayuwarsa ga neman yadda za a sa jikin wasu ya yi haka.

HANYOYIN DA AKA ƁULLO DA SU

Hanya ta fari ita ce ta Rosenberg, a Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta gwamnatin Amurka. Ya gane cewa cikin ƙarin kansa akwai 'yan sojojin da suka riga suka gane abokin gaba suka kutsa, sai dai sun yi kaɗan, sun kuma gaji. Sai a yanko ɗan guntun ƙarin, a tsamo sojojin nan, a rene su a ɗakin bincike har su kai dubban miliyoyi, sa'an nan a ɗura wa mai ciwon su ta jijiya. A 1988 ya ba da labarin mutum 20 masu baƙin dajin fata da ya yi wa haka, ƙarin fiye da rabinsu ya ragu, ko da ya ke a jikin da yawansu ya sake dawowa.

Hanya ta biyu ita ce abokinmu ya ji a rediyo. Ana ɗibar ƙwayoyin T daga jini, a sa musu wani sabon umarni cikin halittarsu, wanda zai sa su tsiro da wani abu kamar ƙugiya mai kama alama guda ɗaya tak a jikin ƙwayar daji. Wani masani a Isra'ila, Zelig Eshhar, shi da abokan aikinsa suka fara nuna dabarar a 1989. Likitoci suna kiran waɗannan ƙwayoyi CAR-T. A 2012 aka gwada su a birnin Filadelfiya ga wata yarinya 'yar shekara 6 mai dajin jini, wadda duk magani ya gaza a kanta. Zazzaɓi mai tsanani ya rufe ta, ta yi kwanaki ba ta san inda kanta ya ke ba, sai da aka ba ta wani maganin ciwon gaɓoɓi sa'an nan wutar ta lafa. Ta tashi, ciwon bai dawo ba. A watan Agusta 1917 babu wanda zai yi mafarkin haka, amma a watan Agusta 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a sayar da maganin, da sunan Kymriah, a kan dala 475,000.

Akwai hannun ƙasarmu a aikin nan, ko da ya ke ba kowa ya sani ba. A 1963, a asibitin koyarwa na Ibadan, wani likita Bature mai suna Pulvertaft ya ɗebi ƙwayoyin daji daga wani yaro ɗan shekara 11, ya rene su cikin kwalba. Jikokin ƙwayoyin nan suna raye har yau a ɗakunan bincike na duniya, kuma suna cikin waɗanda a ke gwada ƙarfin sababbin ƙwayoyin CAR-T a kansu.

Hanya ta uku 'yar uwar ta biyu ce, sai dai a nan ana sauya wa sojan idonsa na asali don ya iya gane alamun da ke fitowa daga can cikin ƙwayar daji, ba na bisa fatarta kaɗai ba.

ME YA SA ƘARI YA GAGARA?

Ga abin da rediyo bai bayyana wa abokinmu ba. Babbar nasarar da aka samu, a dajin jini da na ɓargo da na kaluluwa aka same ta. Ciwon matarsa kuwa daga ɗaya kashin ya ke, watau dajin da ke dunƙulewa wuri guda ya zama ƙari: na mama, na bakin mahaifa, na hanta, na hanji, na tumbi, da na 'yar tsokar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Kimanin 9 cikin 10 na ciwon daji a jikin manya irin wannan ne. Hukumar binciken daji ta duniya ta kintata cewa a 2022 mutum wajen dubu 128 suka kamu da daji a Nijeriya, kusan dubu 80 suka mutu, kuma na mama ne ke gaba, sa'an nan na maza da na bakin mahaifa. Ashe ke nan irin wanda ya fi kashe mu shi ne ya fi gagarar sabon maganin.

Mutumin Kano ba zai sha wuyar gane dalili ba. Dajin jini kamar 'yan fashi ne a fili, soja na ganinsu ya far musu. Ƙari kuwa birni ne mai ganuwa. Ya kan kewaye kansa da nama mai tauri, hanyoyin jinin da ke shiga cikinsa kuma karkatattu ne, matsattsu, har sojoji kaɗan ne ke samun ƙofa. Waɗanda suka samu suka shiga sai su tarar iska ta yi ƙaranci, abinci ƙarin ya cinye, ga shi yana fitar da waɗansu sinadarai masu kashe musu jiki. Kafin a jima sun galabaita, suna nan amma ba sa faɗa.

Dalili na biyu ya fi wannan haɗari. Ƙwayoyin dajin jini da aka fi cin nasara a kansu duk suna ɗauke da alama guda, kuma lafiyayyun da ke da irin alamar mutum na iya rayuwa ba su in ana yi masa ƙarin abin da su ke samarwa. Alamun ƙari kuwa sau da yawa akwai irinsu a huhu ko zuciya ko hanji. A 2010 likitocin cibiyar Rosenberg suka ba da labarin wata mace mai dajin hanji da aka ɗura wa ƙwayoyin CAR-T, sojojin suka ga irin alamar a huhunta suka far masa, ta rasu cikin kwana 5. Soja ba ya tambayar ko kai ɗan gari ne, in dai ka sa rigar da aka ce masa ta abokin gaba ce.

Dalili na uku shi ne mazauna birnin nan ba riga ɗaya su ke sawa ba. Ko an kashe duk masu alamar, sai marasa ita su hayayyafa su cika gurbin.

INDA AKA KAI

Duk da haka an fara fasa ganuwar. A ƙarshen 2022 likitocin Holan da Denmak suka ba da sakamakon gwaji a kan mutum 168 masu baƙin dajin fata da ya bazu. Rabi aka yi musu hanyar Rosenberg, rabi aka ba su maganin da aka saba. Cikin kashi na fari ƙarin kusan rabinsu ya ragu, cikin na biyu kuwa kimanin 1 cikin 5. A watan Fabrairu 2024 Amurka ta yarda da magani irin wannan mai suna Amtagvi, wanda shi ne na farko na ƙwayoyin T da ta yarda da shi don ƙari. A gwajin da aka dogara a kansa, kusan mutum 1 cikin 3 ne ƙarinsa ya ragu. A watan Agusta na shekarar aka yarda da Tecelra, na hanya ta uku, don wani dajin tsoka da ke fitowa kusa da gaɓoɓi, wanda ya fi kama matasa. Wajen 4 cikin 10 suka ga sauƙi.

A 2025 likitocin ƙasar Sin suka gwada CAR-T ga masu dajin tumbi da ya ƙi jin magani, mutum 156. A matsakaici, waɗanda aka sa cikin kashin sabon maganin ciwonsu ya tsaya wata 3 da 'yan kwanaki, na sauran bai kai wata 2 ba. Tsawon rayuwarsu kuma wajen wata 8 ne, na sauran wata 5 da rabi. A dajin hanta, wanda ya dame mu ƙwarai a nan Arewa, likitocin birnin Houston sun ba da labari a 2024 cewa cikin mutum 12 masu ƙari, galibi na hanta, da suka ɗura wa wani sabon samfurin CAR-T, na mutum 4 ya ragu.

Mai karatu ya lura da kalmomin nan da kyau. Raguwar ƙari daban, warkewa daban. Akwai waɗanda suka yi shekaru ciwon bai dawo ba, amma ba su ne masu rinjaye ba. Ga likitan da ya daɗe yana neman ƙofa, ƙarin wata biyu babbar alama ce. Ga mai iyali da zai sayar da gidansa na gado kuwa, wajibi ne ya san wata biyun ne a ke magana.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Tecelra ba ya aiki sai ga mai wata alama ta gado a jikinsa, wadda ta fi yawa cikin Turawa bisa baƙar fata. Baƙin dajin fata na Turawa galibi zafin rana ke jawo shi, ƙwayoyinsa kuma suna cike da baƙin alamu masu saukin ganewa. Namu kuwa a tafin ƙafa ya fi fitowa, alamunsa kuma ba su kai na wancan yawa ba. Maganin da aka auna a jikin wasu ba lalle ne ya yi daidai da namu ba sai an auna a nan.

KUƊI DA KAYAN AIKI

A 2024 kuɗin Amtagvi dala 515,000 ne, na Tecelra dala 727,000, ban da kuɗin gado da na fiɗa da na jinya. Kowane ɗaya ɗaruruwan miliyoyin naira ke nan. Tsadar ta zo ne domin ba a yin maganin a ajiye a kanti. Kowane mutum nasa a ke yi masa daga jikinsa, kamar yadda baduku ke auna ƙafa kafin ya yanka fata. Renon ƙwayoyin Amtagvi kaɗai yana cin kwana 22 a ɗakin da ko ƙura ba ta shiga, ana kuma kai su a daskare cikin sanyi mai tsanani. Kafin a ɗura su sai an ba mai ciwo magani mai ƙarfi na kusan mako guda wanda zai kwantar da sojojinsa na da, don sababbin su sami wuri. A kwanakin nan ko ƙaramar cuta na iya kashe shi, sabo da haka dole a sami ɗakin kula da masu matsanancin ciwo, da jini a ajiye, da wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa. Duk wanda ya ji wannan ya san ba abin da za a zuba a kwalba a sayar a bakin kasuwa ba ne.

Ba mu ce a yanke ƙauna ba. Indiya ta ƙera nata CAR-T na dajin jini a Bombai, ta yarda da shi a watan Oktoba 2023, kuɗinsa kuwa wajen ushirin na Amurka. A nan gida an yi dashen ɓargo na farko a asibitin koyarwa na Benin a 2011, ga wani yaro mai sikila, kuma irin ɗakin da dashen ɓargo ke bukata shi ne harsashin wannan sabon aiki. Sannu ba ta hana zuwa.

DARASIN SHEKARAR SANƘARAU

Ran da gwaji irin wannan zai iso Kano, zai tarar da mutanen da ba su manta 1996 ba. A shekarar, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, cikin yara wajen 200, rabi aka ba su sabon, rabi wani da aka sani. Yara 11 suka rasu, waɗansu suka kurumce ko suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, iyaye kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji a ke yi. Aka yi ta shari'a har 2009, sa'ad da aka daidaita da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Zafin abin nan yana cikin dalilan da suka sa aka ƙi allurar shan inna a 2003, cutar ta sake bazuwa, yara da yawa suka shanye.

Darasin ba wai a guji gwaji ba ne, domin ba maganin da ke asibiti yau wanda ba a gwada a jikin wasu ba. Darasin shi ne mutum ya san hakkinsa. Tun 2007 Nijeriya tana da ƙa'idar binciken lafiya, wadda ta wajabta kwamitin ɗa'a ya duba kowane gwaji kafin a fara. Dole a gaya wa mutum, da harshen da ya ke ji, cewa gwaji ne, a faɗa masa haɗarin, a bar shi ya yi shawara da iyalinsa. Yana da ikon ya ƙi, ko ya janye a tsakiya, ba tare da an hana shi maganin da aka saba ba. Gwaji na gaskiya kuma ba a saba sayar wa mutum abin da a ke gwadawa ba. Wanda ya ce ka kawo miliyoyi zai kai ka ƙasar waje a yi maka allurar ƙwayoyin jiki, ka kai takardarsa ga likitan daji a Asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika ya duba tukuna.

ABIN DA KE HANNUNMU YAU

Horar da sojojin jiki a kan daji ba sai an je Amurka ba, ana yi a asibitin unguwa kyauta. Binciken gwamnati na 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manya a Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta samfurin B, wadda ita ce babbar mai jawo dajin hanta. Rigakafinta yana cikin alluran yara tun 2004, kuma ta farko an fi so a yi cikin sa'a 24 da haihuwa. Kada a jira ranar suna. A kuma tabbata wanzami ya sa sabuwar reza ga kowane yaro. Tun watan Oktoba 2023 an fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar da ke jawo dajin bakin mahaifa, kuma malaman makaranta su ne iyaye za su tambaya ko allurar nan ta gaskiya ce.

Garin da ya yi suna da dalar gyaɗa ya kamata ya san wani abu kuma. A 1960 talotalo wajen dubu 100 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗa mai fumfuna, daga nan aka gano dafin da fumfunar ke fitarwa. Dafin nan yana lalata hanta, in kuwa ya haɗu da ciwon hanta samfurin B haɗarin daji ya kan ninka sau da yawa. A shanya gyaɗa da masara su bushe sarai, a ajiye inda ba laima, a zubar da ruɓaɓɓu, kada a mai da su ƙuli-ƙuli.

Sa'an nan sai maganar nan da ta ci rayuka, wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Abin da ya haifar da ita shi ne mutane ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu, in suka mutu a can sai a ce wuƙar likita ce. Ƙullutun mama da aka kama tun yana ƙarami, fiɗa da magani da gashin inji suna warkar da mafi yawansa, abin da sabon maganin miliyoyin nan bai kai ga yi ba tukuna. Haka baƙin tabo a tafin ƙafa mai ƙara faɗi, ko jinin da ke zubar wa mace ba lokacin al'ada ba, duk ba abin zama a yi ta shafe-shafe ba ne.

Wannan shi ne abin da muka faɗa wa abokinmu baduku a gindin motar nan. Muka tuna masa daga Ƙofar Wambai zuwa Asibitin Murtala a Ƙofar Mata tafiyar ƙafa ce, kuma wata biyar da matarsa ta yi sun isa jinkiri. Ya mai da kuɗin kwalbar aljihu, ya ce ran Litinin da asuba zai kai ta. Muna roƙon duk malamin da wannan takarda ta shiga hannunsa ya karanta wa maƙwabtansa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka cikin aikin masu bincike, amin.